Na haddace fiziks na faɗi, Kawu kuma ya ce karatun taurari duba ne

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 19, ina aji ɗaya a jami'a. Likitanci na nema, aka ba ni fiziks. A sakandare ban taɓa faɗuwa ba, domin Allah ya ba ni hadda, shafi in na karanta sau uku ya zauna. A zangon farko na haddace duk fomulolin da aka ba mu, amma da sakamako ya fito sai ga ni da kariyoba. Tambayoyin ba su yi kama da na cikin handawut ba ko kaɗan. Wannan zangon kuma an haɗa mana da darasin sararin samaniya. Da na zo hutu Kawu ya buɗe littafin, ya ga zanen taurari, ya ce wa Baba ai duba ake koya mini, kuma mai lissafin taurari ba ya gamawa lafiya. Baba bai ce komai ba, amma jikinsa ya yi sanyi, har ya fara zancen ko in dawo gida in sake neman wani kwas baɗi. Ni ma zuciyata ta karaya. In bari ne, ko in daure?

'Yarka, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar haddar nan. Za mu zo kan Kawu, amma bari mu fara daga inda gizo ke saƙa.

Hadda baiwa ce, kar ki raina ta, ita ta kawo ki inda kike. Sai dai karatu iri biyu ne. Akwai wanda ake so ki mayar yadda kika karɓa, ba ƙari ba ragi, wasali ɗaya in ya kauce malam ya gyara zama. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yadda kika jera kalmomi, shi so yake a ajiye miki abin da ba ki taɓa gani ba, ki faɗi yadda zai kasance. Fiziks na biyun ne. Lakcaran da ya sauya tambaya ba mugunta ya yi miki ba, so ya yi ya ga ko kin san abin da fomular ke faɗa, ke kuma sunanta kawai kika riƙe.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi a sakandare. A bayan makarantar akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun kafin a kawo ni, kuma duk sabon aji can nake fara kai su kafin mu taɓa allo. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya saki tsakuwa, sauran su kasa kunne. Kusan daƙiƙa 2 ake yi kafin a ji tim. Sai in ce a faɗa mini zurfinta. Wata shekara wani yaro, gwanin hadda irinki, ya danna kalkuleta ya rubuta mita 2,000, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya miƙo mini yana murmushi. Na ce, kai ɗan nan, rijiya mai zurfin kilomita 2, wace igiya ce za ta kai? Wa ya haƙa ta? Sai a lokacin ya leƙa ramin da idonsa. Fomular daidai ya kawo, hannu ne ya zame, amma da yake lambar ba ta da alaƙa da rijiyar a kansa, ko gezau bai yi ba.

Ga yadda nake so ki riƙa tunanin abin. Duk abin da aka saki a doron ƙasa, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa, a cikin kowace daƙiƙa. Mu ce 10 don sauƙi. Tsakuwa ta tashi daga tsaye cik, a ƙarshen daƙiƙar farko gudunta ya kai 10, tsaka-tsakinsa 5 ke nan, don haka ta ci mita 5. A daƙiƙa ta biyu gudun ya tashi daga 10 zuwa 20, tsaka-tsaki 15, ki haɗa da 5 na baya, mita 20. A ta uku ta ƙara 25, jimla 45. Dubi lambobin: 5, 20, 45. Wato 5 sau 1, 5 sau 4, 5 sau 9. Ga rabin nan da kike gani a farkon fomular faɗuwa, wadda ke cewa nisa shi ne rabin 10 sau lokaci sau lokaci, ga kuma dalilin da ya sa ake ninka lokaci da kansa. Wanda ya bi ta wannan hanyar sau ɗaya, ko fomular ta ɓace masa a ɗakin jarrabawa zai sake gina ta a gefen takarda. Rijiyarmu kuwa wajen mita 20 ce.

Sannan ki ɗauki dutse babba da ƙarami ki sake su tare daga tsayi ɗaya. Zuciya cewa take babban zai riga, amma tare za su dira. Galileo na ƙasar Italiya ya gano ƙa'idar faɗuwa shekaru 400 da suka wuce ta hanyar gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci. In kin ce to ai takarda ba ta faɗuwa tare da dutse, ki dunƙule ta ki sake gwadawa. Iska ce ke riƙe ta. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu a lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare. Bidiyon yana nan a intanet, ki nema.

Dokokin motsi guda uku na Newton, masanin nan na Ingila, da kika haddace, waɗanda ya wallafa a 1687, kullum suna wucewa ta ƙofar gidanku. Ki tsaya ki kalli mai ruwa da kurarsa. Jarka goma, kowace lita 25, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kilo 250 ke nan ban da ƙarfen kurar. Dubi yadda yake dafe ta da ƙirji, jijiyar wuya ta tashi, kafin ta motsa. Da ta kama hanya sai ki ga yana tafe yana hira. In ya zo kwana kuma, ko yaro ya gifta, sai ya ja baya da dukkan jikinsa, silifas na jan ƙasa. Doka ta farko ke nan: abin da ke tsaye ba ya motsi sai an tilasta shi, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tilasta shi. Kashi na biyun nan ne ke ba ɗalibai wahala, domin a idonmu komai yana gajiya ya tsaya da kansa. Ba gajiya ba ce, gugar ƙasa da ta iska ce ke tsayar da shi. Shi ya sa in mai a-daidaita-sahu ya taka burki ba shiri kike tafiya gaba ki bugi ƙarfe: keken aka tsayar, ke ba a tsayar da ke ba. Idan ya sauke jarkokin ya tura kurar da irin ƙarfin ɗazu, sai ta zabura. Doka ta biyu ke nan, ƙarfi iri ɗaya, kaya kaɗan, sauyin gudu mai yawa.

A nan ma harshenmu yana ɗan yi mana ƙafar ungulu, don kalmar nauyi ɗaya muke da ita, alhali abu biyu ne. Akwai yawan abin da ke cikin jiki, wanda littafinku ke kira mas, ana auna shi da kilo. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi. Buhun gero in an kai shi kan wata, ƙwayarsa ba ta ragu ba, tuwon da zai yi bai ragu ba, amma ɗaukarsa sai ta yi sauƙi sau shida, domin jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Kuma don Allah ki daina kiran wannan jan maganaɗisun ƙasa, ko da kin ji a rediyo. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa har akuya da auduga yana ja.

Daga nan zuwa sama taku ɗaya ne. Me ya hana wata faɗowa? Ki tuna yaro mai majajjawa a gona yana korar tsuntsaye: dutsen so yake ya miƙe, igiya tana janyo shi, sai ya riƙa zagaye. Jan duniya shi ne igiyar wata. Watan yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000, yana gudun kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, kullum cikin faɗowa yake, amma gudunsa na gefe yana sa ya riƙa kuskure duniyar. Ƙarfin da ya kai tsakuwa ƙasan rijiya shi ne dai wannan. Don haka darasin sararin samaniya da aka haɗa muku ba wani baƙon abu ba ne, fiziks ɗin zangon farko ne aka ɗaga masa kai.

To, Kawu.

Kar ki ce bai san komai ba, kuma kar ki je masa da turancin jami'a. Tsoronsa yana da tushe. Akwai masu cewa tauraronka ya hau, naka ya faɗi, kar ka yi tafiya ranar kaza, wance ba matar arziki ba ce don tauraronta bai dace da naka ba. Wannan duba ne, malamai sun yi hani da shi, kuma fiziks ma ba ta san da zamansa ba. Matsalar ita ce mukan kira duka biyun ilimin taurari. Na littafinki sunansa ilimin falaki, kuma bambancin a fili yake. Mai duba yana faɗin abin da zai sami mutum, in bai faru ba ya ce an karya ne ko an yi sakaci da sadaka. Mai falaki yana faɗin inda rana ko wata za su kasance ranar kaza ƙarfe kaza, kowa ya fito ya duba, in ya kuskure a gani. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi cikakken husufi, inuwar ta ratsa Ghana, Togo, Benin, Najeriya, Nijar, Chadi da Libiya. Shekaru kafin ranar an san hanyar da za ta bi da mintin da za ta iso kowane gari. Ba gaibu aka sani ba, tafiya ce mai ƙa'ida aka ƙirga, kamar yadda wanda ya san nisan Funtuwa zuwa Zariya da gudun mota zai faɗi lokacin isa.

Kuma Kawu ya fi ni sanin cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, aka gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya san kuma aya ta 5 a Suratu Yunus, wadda ta ambaci masaukan wata domin a san adadin shekaru da lissafi. Kalandar lokutan salla da ke rataye a masallacinsu, da wane ilimi aka fitar da ita? A da manyan masallatai har ma'aikaci suke ɗauka don wannan aiki, ana kiransa muwaƙƙit. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa ke nan a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, kuma yana cikin manyan masana falaki na zamaninsa. Albiruni ya auna girman duniya daga kan wani tsauni a yankin da yake Pakistan a yau. Ibn Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, shi ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Har gobe Turawa da sunayen Larabci suke kiran taurari da dama, irin su Dabaran da Rijil.

Kakanninmu ma masu kallon sama ne. Sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata da ke fitowa bayan magariba, sun san Gamzaki na asuba. Abin da zai ba Baba mamaki shi ne Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne irin sauran, wata duniya ce daban da ke zagaya rana, Larabawa na ce mata Zuhura. Da yake hanyarta ta fi tamu kusa da rana, ba ta yin nisa da ita a idonmu, shi ya sa wani lokaci take bin bayanta da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba, amma ba za ki same ta a tsakiyar sama da tsakar dare ba.

Shawarata game da Baba ita ce kar ki yi musu, ki nuna masa abu. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, sai 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ki sami sanda madaidaiciya ki kafa a tsakar gida, ki tabbatar ba ta karkace ba ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta, lokaci na yi ki ja layi a kan inuwar. Daga bakin inuwar zuwa gindin sandar, nan ce alƙibla. Ki faɗa masa tun da kwana biyu, ki roƙe shi ya tsaya ya gani, in Kawu yana kusa a kira shi cikin ladabi a ce ana so ya duba ko an yi daidai. Dattijo ya fi son a nemi hukuncinsa a kan a kayar da shi. Dalilin abin kuma yana cikin littafinki: duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, don haka wurin da rana ke tsayawa a tsakar ka yana hawa arewa yana sauka kudu a cikin shekara, Makka kuma tana kan digiri 21 da ɗoriya, ranar ta bi ta kanta a tafiya, ta sake bi a dawowa. Karkatar nan ce ke juya yanayin shekara. Kusanci da rana ba shi ne ba, don kuwa a farkon Janairu, muna tsakiyar hunturu ana jin ɗumi, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152.

In ranakun sun yi nisa, ga na kowane dare. A kashe fitila, ƙaninki ya haska tocila daga bakin ƙofa, ke ki riƙe lemo a miƙe kina juyawa a hankali. Za ki ga jinjirin wata, rabi, cikakke, duk a jikin lemon. Ba inuwar duniya ke rage wata ba kamar yadda da yawa ke zato, rabinsa kullum a haske yake, abin da muke hangowa daga cikin rabin ne ke sauyawa. Zagayen yana cika a kwana 29 da rabi, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira ta zo kwana 354, azumi ya riƙa matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ya zagaye rani da damina cikin kimanin shekara 33. In kanki ya tare hasken tocilar daga lemon, husufin wata ke nan, wanda muna yara muke fita da gwangwani muna kaɗawa wai wata ya yi zazzaɓi. Ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma ba kowane wata ba, don hanyar wata ta kauce wa ta rana da kusan digiri 5. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kar ɗan abin da kika koya ya kai ki tsoma baki a rigimar ganin wata. Lissafi yana faɗin inda watan yake, sanar da kamawarsa kuma yana da masu shi, a Najeriya fadar Sarkin Musulmi ce. Ranar da kika ce wa Kawu watan da aka ce an gani ba zai ganu ba, duk abin da kika gina da sanda ya rushe.

Game da karatun kansa, ki sauya tsari. Kowace tambaya ki fara da zane, ko da mummuna ne, ki sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke aiki. Kafin ki taɓa kalkuleta ki yi hasashen amsar, bayan kin gama ki tambayi kanki ko igiya za ta kai. Kar ki rubuta lamba tsirara, ki sa mata mita ko daƙiƙa ko kilo, su da kansu za su tona miki kuskure. Tambaya biyar da kika yi fama da su ke kaɗai sun fi hamsin da kika karanta amsarsu. In aljabara ce ke kayar da ke, wanda sau da yawa ita ce ɓarauniyar, ki koma littafin sakandare ba kunya. Ki sami abokan karatu biyu ko uku ku riƙa yi wa juna bayani da Hausa. Abin da kika kasa faɗa da Hausa ba ki gane shi ba tukuna. Haddar kuma ki ajiye ta don abin da ya cancanta, irin su gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, wanda ke ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana zuwa nan, da gudun sauti, wajen mita 340. Damina na zuwa ki ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce.

Kin tambaye ni ki bari ko ki daure. Ban yarda ki bari yanzu ba. Kariyoba ɗaya a zangon farko, da hanyar karatun da ba ta dace ba, ba ta isa ta yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwarki ba, kuma komawa gida zaman jiran baɗi ba shi da tabbas. Ki ba wannan zangon haƙƙinsa ta sabuwar hanya. Ki je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ki tambayi ƙa'idar sauya kwas da makin da ake nema, don ki san matsayinki, kusan ko'ina sai da sakamako mai kyau ake sauyawar, ga wani dalilin dagewa ke nan. Ki kuma sani asibitin da kike so yana da ƙofa ta ɓangaren fiziks: hoton ƙashi ya samo asali ne daga hasken da Röntgen ya gano a Jamus a 1895, kuma masu auna hasken da ake gasa cutar daji da shi masana fiziks ne. Idan zango ya ƙare kin yi duk wannan, kika ga har yanzu ranki ba ya so, ki zauna da Baba ku yi shawarar sauyi. Ki gaishe min da shi, ki kuma rubuto ki faɗa mini abin da Kawu ya ce da ya ga inuwar sandar.